Kanel ya faɗi bai bar wasiyya ba

Yau da asuba wata saba (kwamfutar da ke yi wa wasu hidima) mai Linux ta faɗi ta tashi da kanta, aka leƙa /var/crash, inda ake ajiye bayanin faɗuwa, aka tarar wayam. Kdump kuwa, wanda idan kanel (zuciyar Linux) ya faɗi yake tada kanel na biyu ya kwashe abin da ke RAM (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi) zuwa fayil, a kunne yake, an ware masa wuri a RAM da crashkernel=128M, /sys/kernel/kexec_crash_loaded na nuna 1, wato a shirye yake. Sai da aka sake kayar da ita da gangan da echo c > /proc/sysrq-trigger, ido na kan allo, aka ga inda gizo ke saƙa. Kanel na biyu ya tashi lafiya, amma direbobin faifai (manhajojin da ke sarrafa su) suka cinye megabayit 128 ɗin, makedumpfile, mai rubuta fayil ɗin, bai gama karanta /proc/vmcore (RAM ɗin kanel da ya faɗi) ba aka kashe shi don ƙarancin wuri. Aka mayar da wurin 256M, aka sake tada na'urar, tunda a wajen tashi ake yanke wurin. Da zaɓin -d 31 makedumpfile ya zubar da shafukan RAM na banza, fayil ya fito.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne dabarar kanta. Su LKCD da diskdump, hanyoyin da, kanel ɗin da ya rikice suke sa wa ya rubuta abin da ya same shi, da direbobinsa da ba a yarda da su ba. Tun 2005, a sigar Linux 2.6.13, kexec, wanda kdump ke amfani da shi, ke tsallakawa kai tsaye zuwa sabon kanel, ba a bi ta BIOS (manhajar da ke fara tada na'ura) balle RAM ta goge. Amma wannan kanel na biyu, kusan ba mai gwada shi sai ranar da ake neman sa.