Gayyar da muka yi a hanyar keke ta dutsen Ɗa'ifa

Mu shida ne ƴan Makka da muke hawan keken dutse, duk Asabar bayan asuba mu loda kekuna a mota mu hau titin Hada mu nufi Ɗa'ifa, saboda can sama akwai sanyi, garin ya kai wajen mita 1,800 a tudu. Akwai wata ƴar hanya wajen Shafa, wani ƙauyen kan dutse kusa da Ɗa'ifa, da muke gangarowa ta cikin itatuwan ar'ar, to bara da akayi ruwa mai ƙarfi muka zo muka tarar tsakiyarta ya zama kwazazzabo, tayar gaba ta faɗa ciki na kifa, gwiwata har yanzu da tabo.

Shine muka ce bari muyi gayya. Muka nemi izinin mai gonar da ke gefen, muka kawo shebur da diga da manjagara da baro ɗaya, wuni guda muna ɗibar ƙasa muna cike ramin muna dannewa da ƙafa, har hoto mukayi muka sa a Whatsapp ana ta mana sannu da ƙoƙari. Sati uku ba'a yi ba aka sake ruwa, wallahi ko cikin shebur ɗaya na ƙasar nan bamu samu ba, ramin ma ƙara zurfi yayi.

Kawuna da ya daɗe yana aiki a gonar wardi a can shi ya raka mu karo na biyu. Ya tsaya ya dubi hanyar daga sama har ƙasa yace "ɗana ku da kuka miƙe hanya ɗoɗar daga kan tudu zuwa kwari, ina kuke so ruwa ya bi in ba nan ba?" Nace to Kawu ya za'ayi? Yace ku fidda shi gefe tun bai tara ƙarfi ba, haka ake wa kunya a gona. Kunya ce ma ta kama ni, dan abinda yace shine dai abinda IMBA, ƙungiyar masu hawan keken dutse da ke Amurka, ke koyarwa, cewa gangarar hanya kar ta wuce rabin gangarar dutsen da take kai, kuma a ɗan karkata fuskarta waje kamar kashi 5 cikin 100 ruwa ya tsallake ya wuce.

To haka mukayi. Inda ta miƙe muka karkatar da ita tana lanƙwasa, duk ƴan taku kaɗan mu haƙa ɗan kwari mai faɗi mu ɗaga gabansa, ruwa in yazo dole ya fita gefe. Mai faɗi fa, dan na farko da nayi siriri ne kamar lambatu, yashi ya toshe shi nan da nan kuma yana kama taya. Inda ba damar karkatarwa muka shimfiɗa manyan duwatsu, kowane a binne shi fiye da rabi, in ka taka yayi motsi a tone a sake. Nan ne aikin ya ci mu, dutse ɗaya mu uku muke juya shi da ƙarfen rodi, ga birai suna zaune suna jiran mu juya baya su sace mana burodin tamis. Tsohon ramin kuma muka jera masa duwatsu a gicciye muka rufe da busassun rassa kar wani ya sake bi.

Wani laifin namu ne ma, masu danne birkin baya taya na jan ƙasa dan a ga ƙura, wannan layin da take bari shi ruwa ke fara bi. Ni ne gaba a wannan ɗabi'a, na daina, kuma in anyi ruwa bama hawa sai ƙasa ta sha iska.

An yi ruwa sau biyu tun lokacin, wuri ɗaya ne ya ɓalle, shima inda muka yi ganda muka sa ƙananan duwatsu ne dan magariba ta kawo jiki. Asabar mai zuwa can zamu, wanda yake da diga ya taho da ita dan tamu ƙotar ta karye.