Idon kifin zebra a ƙarƙashin maikiroskop: inda aikina ya kai

Assalamu alaikum 'yan uwa abokan koyo. A wannan zagaye na samu bidiyon da nake nema tun da na fara kiwon kifin zebra a ɗakina a nan Sakkwato: ido yana fitowa daga kan ɗan tayi, tun yana ɗan kumburi a gefe, har ya lotsa ciki ya zama ƙoƙo, lensi ya zauna a bakinsa. Kayan aikin su ne tsohon maikiroskop irin na duba jini, da wayar Android da na ɗaure a bakinsa, da manhajar da ke ɗaukar hoto da kanta duk bayan minti biyar.

Ga sababbin shiga: kifin nan ɗan asalin ƙoramun Indiya da Bangaladash ne, sunansa na kimiyya Danio rerio. George Streisinger na Jami'ar Oregon ta Amurka shi ya jawo hankalin masana gare shi da aikin da ya wallafa a 1981. Ƙwansa garau yake, ana barbararsa a waje cikin ruwa, kuma cikin kwana uku ɗan kifin ya fara gani. Samun ƙwan ba wuya. Ka raba mace da namiji da dare, ka shimfiɗa ƙwallayen gilashi a ƙasan kwanon ruwan don kada iyayen su cinye abin da suka zuba, gari na wayewa ka haɗa su. Ruwan famfo sai an bar shi ya kwana sinadarin kulorin ya fita. Ɗigon wani sinadari mai suna shuɗin metilin yana rage fumfuna, kuma duk ƙwan da ya yi fari ya mutu, a tsince shi kafin ya lalata sauran.

Abin da nake so mu daɗe a kansa shi ne zafi, domin shi ne agogon ɗan tayi, ba wanda ke bango ba. Duk awannin da za ku gani a takardun masana, "awa 24 bayan barbara", "awa 48", an ƙirga su ne a ma'aunin zafi 28.5 na salshiyos. Haka Charles Kimmel da abokan aikinsa suka tsara matakan girman a 1995, kuma har yau da jadawalinsu ake aiki. A cikinsa sun ba da lissafi: ka ninka zafin ruwan da 0.055, ka cire 0.57, abin da ya rage shi ne saurin girma. A 28.5 amsar tana kusan 1. A 33 tana kai 1.245, wato ɗan tayi ya ƙara sauri da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. A 25 kuwa ta sauka zuwa 0.805. Lissafin yana aiki ne tsakanin 25 da 33 kawai, in an wuce nan nakasa da mutuwa ke biyo baya. To ku dubi garinmu. A bazara, watan Afrilu, rana tana haura 40, ɗaki mai rufin kwano kuwa ba a magana. Da hunturu kuma asuba takan sanyaya ruwan kwano har girman ya yi nawa. Dabarata ita ce randa: na cika ta rabi, na ɗora kwanon ƙwan yana yawo a kan ruwan, na lulluɓe jikinta da jiƙaƙƙen buhu, ma'aunin zafi yana ciki kullum. Lokacin sanyi sai ƙaramar hita ta tankin kifi a kan batirin sola, saboda ɗauke wuta.

Amma randa ba ta bin ƙwai zuwa kan maikiroskop. Ɗigon ruwan da ke kan gilashi yana ɗaukar zafin ɗaki da na fitila nan da nan, ya kuma ƙafe. Shi ya sa na koma ajiye ƙwan a ƙaramin faranti mai murfi da ruwa mai ɗan yawa, na rage hasken fitila iyakar abin da kyamara za ta iya gani. Kuma na daina dogaro da awa, ina ƙirga gaɓoɓin bayan ɗan tayin, waɗanda ake kira somait. In sun kai biyar, kumburin ido ya bayyana, a jadawali kusan awa 12 ke nan. In sun kai ashirin, kusan awa 19, lensi ya soma fitowa kuma wutsiya ta fara zillo. A awa 24 zuciya na bugawa, ƙoƙon ido ya kammalu. Tunda kifin da safe yake zuba ƙwai, duk wannan yana faɗowa tsakanin magariba da wayewar gari, don haka a cika batirin waya a kuma share mata wuri. Zillon nan shi ke ɓata hotuna da yawa. A ɗakunan bincike suna sa wa ɗan tayi maganin sa barci mai suna tirikeyin, su dasa shi cikin agaros, wani abu mai daskarewa ya riƙe shi, irin mai narkewa a ɗan zafi kaɗan. Ni barinsa nake cikin ɓawonsa, daga baya na zubar da hotunan da suka girgiza.

Daga awa 24 sai bango ya tare mu. Tantanin da ke bayan retina, wato shimfiɗar cikin ido mai karɓar haske, yana fara tara baƙin launi, kafin kwana biyu ido ya yi baƙi ƙirin, ba a ganin komai a ciki. Masana suna hana wannan da sinadarin PTU, kashi 0.003 cikin ɗari a ruwan. Ba na ba kowa shawarar ajiye shi a gidan da ke da yara, guba ne, kuma an nuna yana rage girman idon da ake son aunawa. Ko da ma an kawar da baƙin, hasken fitila ba ya raba ƙwayar halitta da maƙwabciyarta a cikin retina, duk garau suke, a cunkushe. Abin da ya buɗe ƙofar shi ne GFP, furotin mai ƙyallin kore da Osamu Shimomura ya samo daga wata halittar teku a 1962, wanda ya kai shi ga kyautar Nobel a 2008 tare da Martin Chalfie da Roger Tsien. Ana haɗa shi da wata ƙwayar gado (gene) kamar atoh7, wadda ke kunnuwa a ƙwayoyin da za su haifi jijiyoyin farko na retina, sai su kaɗai su yi haske. Kada wani ya ruɗe da kifin ado mai ƙyalli da ake sayarwa da sunan GloFish, nasa hasken a tsoka yake, ba zai nuna maka retina ba.

Na'urar ɗaukar ma daban ce. Wadda ake kira konfokal tana bin wuri ɗigo-ɗigo da leza, kuma hasken yana ratsa duk kaurin nama a kowane hoto, in aka daɗe sai ƙyallin ya dushe, ƙwayoyin su jigata. A 2004 Jan Huisken da Ernst Stelzer a Haidalbag ta Jamus suka fito da wadda ke shigo da haske ta gefe, siriri kamar takarda, kyamara na kallo ta gaba, iya yankin da ake ɗauka kaɗai ke shan haske. Da irinta ake bin ido guda dare da rana ba tare da an illata shi ba.

Wannan ba kayan da za mu tara kuɗi mu saya ba ne, kuma a ganina ɓata lokaci ne mu zauna muna begensa. Mujallu irin su eLife suna sakin bidiyoyin binciken kyauta tare da takardun. Na sauko da wasu, na buɗe su a manhajar nazarin hotuna mai suna Fiji, ita ma kyauta ce kuma tsohuwar kwamfutata tana ɗaukarta, na shiga bin cibiya (wato nukiliyas) ta ƙwaya guda hoto bayan hoto ina danna mata alama. Kafin retina ta rabu hawa-hawa, kowace ƙwaya doguwa ce, ta riƙe bangon retina na ciki da na waje, cibiyarta kuma tana kai da kawowa a tsakani kamar guga a rijiya, amma ba ta rabuwa biyu sai ta isa bangon da ke kallon tantanin baƙi. F. C. Sauer ya hango wannan tun 1935 daga yankakken nama wanda ba ya motsi. Sai a 2009 Caren Norden, a ɗakin binciken William Harris na Jami'ar Kambirij, ta nuna a kifi mai rai cewa aktin da mayosin, furotin irin waɗanda ke motsa tsoka, su ne ke tura cibiyar. Da ka bi guda da hannunka za ka gane abin da zanen littafi ke ɓoyewa: yawancin lokaci cibiyar rawa kawai take yi ba alƙibla, sai dab da rabuwa ta miƙe da gudu zuwa bango.

Haka ma jijiyoyin farko, ba lokaci guda suke bayyana a duk idon ba. Wajen awa 28 suke farawa a ɗan wuri ƙasa ta ɓangaren hanci, daga nan su bazu su zagaye retina. Carl Neumann da Christiane Nüsslein-Volhard sun danganta bazuwar da Shh, sinadarin da ƙwayoyi ke aika wa juna saƙo da shi, a 2000. A 2012 kuma ɗakin Harris ya bi zuriyar ƙwayoyi ɗaiɗai, ya tarar ƙwayoyin da suka yi kama da juna suna haifar 'ya'ya mabambanta a yawa da iri, amma retina ta fito daidai a kowane kifi. Wannan ya fi komai tsaya mini a rai, kuma ba don ana iya kallon mai rai ba da ba a gan shi haka ƙarara ba.

Abin da ke gabana yanzu biyu ne. Zan raba ƙwan uwa ɗaya, rabi a randa rabi a ɗaki, in rubuta zafin kowane kwano da lokacin da ya kai somait biyar da ashirin, in ga ko lissafin Kimmel zai yi daidai da namu. Wanda ke da ma'aunin zafi ya yi nasa mu haɗa. Sannan ga waɗanda suka kasa samun kifin zebra, ina so mu gwada ƙwan tarwada daga masu ƙyanƙyasa. Shi yana ƙyanƙyashewa cikin kusan kwana ɗaya, yana da danƙo yana manne wa faranti, gwaiduwarsa kuma ta fi duhu, don haka sai an juya shi kan ya fuskanci gefe kafin a fara ɗauka.