Kifin da na yanke daga aikin Crazy Mohan

Shekara biyar ke nan ina fassara da ɗora murya a fina-finan Indiya a Kano, amma babu aikin da ya tsaya mini a maƙogwaro kamar wani tsohon fim na Tamil da na ɓata da hannuna bara. Har yanzu in na tuna sai na ji raina ya sosu.

Maigidanmu ne ya miƙo mini shi, ya ce, "Ga wannan, na dariya ne, Kamal Haasan ya fito mutum huɗu. Sati ɗaya ya ishe ka." Fim ɗin shi ne Michael Madana Kama Rajan, na 1990. 'Yan huɗu ne aka raba su tun suna jarirai: ɗaya ya tashi ɓarawo mai buga kuɗin jabu, ɗaya ɗan gidan attajiri, ɗaya mai dafa abincin biki, ɗaya ɗan kwana-kwana. Na ga sunan wanda ya rubuta maganganun ya wuce a farkon fim, Crazy Mohan, ban ko tsaya ba. Wa yake karanta waɗannan sunayen?

Yadda na saba na yi. Ni ba na jin Tamil, rubutun Turancin da ke ƙasan allo nake bi, in daidaita da motsin baki. A fim ɗin faɗa wannan ya wadatar. Na ba 'yan huɗun nan murya ɗaya, Kananci zalla, sai dai in kaurara nan in sirantar can. Sannan na zo wani waje a gidan biki inda mai girkin nan yake ta zazzare ido yana firgita duk lokacin da wasu baƙi suka yi magana. Rubutun ƙasa bai nuna komai ba, mutane ne kawai ke cewa "nufina shi ne" da Turanci. Na maimaita kallo sau uku, na ce surutu ne, na sa edita ya datse wajen.

Aikin ya fita. Kwana uku, masu tura fina-finai a waya suka fara aiko da ƙorafi: mutane sun kasa gane wane ne wane, kuma ba sa dariya. Wani mai gidan kallo ya ce kafin a kai rabi benci ya zama wayam. Maigida bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi, "Malam, an ce mini mutanen can har yau suna haddace maganganun fim ɗin nan. To ina suka shiga?" Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ƙanina yana aiki a wani kamfanin roba a Sharaɗa, kuma injiniyansu mutumin Chennai ne, ya daɗe a Kano har yana jin Hausa kaɗan-kaɗan. Na roƙa aka haɗa mu ran wata Lahadi. Na kunna masa ainihin fim ɗin a kwamfuta. Tun kafin a iso wajen da na yanke ya fara murmushi, da aka iso kuwa sai da ya cire tabarau ya share hawaye, bakinsa yana riga 'yan wasan faɗin abin da za su faɗa. Ni ina zaune kamar an dasa ni.

Da ya huta ya warware mini. Bikin na mutanen da ba sa cin nama ne ko kifi, ko kusa da tukunyarsu ba a kai shi. To kifi ya faɗa cikin miyar bikin, mai girki ya sani, yana ɓoyewa cikin tashin hankali. Kalmar Turancin nan "mean" da baƙin ke ta maimaitawa, mai ma'anar "nufi", lafazinta ɗaya da sunan kifi a Tamil, wato "min" da jan wasali. Duk wanda ya buɗe baki, kifi mai girki yake ji, yana zaton asirinsa ya tonu. Wajen da na kira surutu na jefar, shi ne wanda mutanen jihar Tamil Nadu suka fi shekara talatin suna tuna wa juna.

Ya ƙara da cewa 'yan huɗun ba harshe ɗaya suke yi ba. Mai girkin da Tamil ɗin Palakkad yake magana, garin da ke cikin jihar Kerala kusa da iyaka, Tamil ce mai gauraye da Malayalam. Ɗan kwana-kwanan da bakin titin Madras, wato Chennai ta yanzu. Ɗan attajirin rabi Turanci. Da kunne masu kallo ke rabe su kafin ido. Ni kuwa na haɗa su na dama kamar fura.

Injiniyan ne ya fara ba ni labarin marubucin, daga baya na bi diddigi da kaina, don na ji mutumin yana bi na bashin sani. Sunansa na yanka Mohan Rangachari, an haife shi a 1952. Injiniyan injina ne, ya yi karatu a kwalejin injiniya ta Guindy a Chennai, ya yi aiki a kamfanin Sundaram Clayton yana rubuta wasan daɓe a gefe. Laƙabin "Crazy" daga sunan wani wasa ya samo shi, Crazy Thieves in Palavakkam, wanda ya rubuta wa ɗan wasa S. Ve. Shekher a 1976. A 1979 ya kafa ƙungiyarsa, Crazy Creations, tare da ƙaninsa Maadhu Balaji wanda yakan fito jarumin wasannin. Darakta K. Balachander ne ya fara shigo da shi fim, da ya mayar da wani wasan Mohan fim a 1983. Haɗuwarsa da Kamal Haasan kuwa daga 1989 ta ɗauko, ta bi ta kan Avvai Shanmugi, wanda mu muka fi sani da sigarsa ta Hindi, Chachi 420, har zuwa Vasool Raja MBBS na 2004, maimaicin Munna Bhai, inda Mohan da kansa ya fito likita. Ya rasu a Chennai ranar 10 ga Yunin 2019, ciwon zuciya.

Wannan tarihin ne ya nuna mini inda na faɗi. Mutumin ɗan daɓe ne kafin ya zama ɗan fim. A daɓe babu kyamara da za ta matso fuska, kalma ce ke ɗaukar kaya, kuma ɗan kallo na gabanka, in bai yi dariya ba a take za ka sani. Wasa guda nasa, Chocolate Krishna, an yi shi ɗaruruwan lokuta. Wanda ya gwada magana a gaban jama'a haka, babu jimlar banza a rubutunsa. Har waƙar venba yake rubutawa, tsohon ma'aunin waƙar Tamil mai layi huɗu da ƙa'ida mai tsauri. Irin wannan mutumin ne na sa wa almakashi saboda rubutun ƙasan allo bai nuna mini komai ba.

Na roƙi maigida ya bar ni in sake, ba tare da ƙarin ko kwabo ba. Kwana goma sha ɗaya ya ci, da kuɗin man janareta daga aljihuna. Injiniyan ya ba ni Lahadi biyu, yana tsayar da fim duk inda ya san akwai abin da ke ƙarƙashin magana, ni ina rubutawa. Wurare sun fi arba'in a littafina.

Na fara da muryoyi. Ɗan attajiri na ba shi Ingausar 'yan boko, ɓarawon bakin 'yan daba, ɗan kwana-kwana Hausar tasha. Mai girki na ce Sakkwatanci, amma ban yarda in kwaikwaya da bakina ba. A fim ɗin shi ne mai gaskiyar cikinsu, ana dariyar halin da ya shiga ne, ba a raina garinsu, kuma an san Mohan da barkwancin da iyali za su zauna su kalla ba mai sunkuyar da kai. In Bakano ya kwaikwayi Basakkwace, sau da yawa tsokana ce ke fitowa. Sai na nemo wani abokin aikinmu ɗan Sakkwato ya yi abinsa.

Kifin ne ya hana ni barci. Kwana biyu ina juya "kifi" da "kife" da "kifa", duk ba su zauna ba. Ana cikin haka aka kai amarya a layinmu, na ji wata tsohuwa ta bayan katanga tana sa albarka: "Allah ya sa ki fi haka, 'yar nan." Na miƙe tsaye. Ki fi. Gidan biki ne a fim ɗin ma! A daren na rubuta: wannan baƙo ya ce wa amarya "ki fi uwarki haƙuri", wancan ya ce "ki fi kowa a gidan miji", mai girki na gefe gumi na karyo masa, yana tambaya cikin rawar murya, "Mi kac ce? Wane kihi?" Ba abin da baƙin Mohan suka faɗa ba ne, na sani. Amma abin da ya so ya faru a cikin mai kallo, shi na bi.

Ba duka na ci ba. Cikin wurare arba'in ɗin, wajen goma sha biyar na samo musu madadi a Hausa, sauran na bar su sun wuce shiru, kuma kowanne na san inda yake. Yanzu duk fim ɗin dariya da aka ba ni, sunan marubucin maganganu nake fara nema. In ɗan wasa ya firgita ko ya ƙyalƙyale alhali rubutun ƙasa bai ce komai ba, ba na datsewa, mai harshen nake nema.

Sabon ya fita, a gidan kallon nan an yi ta shewa a wajen kifin har sai da aka mayar da shi baya. Sai dai na farkon, mai yanke, shi ya riga ya bazu a wayoyin mutane, kuma ba ni da hanyar janye shi. Makon jiya ma a cikin adaidaita na ji wani yaro yana kallonsa, da muryata, fuskarsa ko motsi babu.