Jajibirin Bikin Ƙawata

Juma'a, da dare.

Gobe ne bikin ƙawata, kuma kusan duk yinin yau a kan maganar kayan da zan sa ya ƙare. Da safe, kafin in taɓa ko riga ɗaya, sai da na sake karanta katin gayyata a tsanake. Ƙarfe huɗu na yamma za a fara, a fili cikin lambu, idan rana ta faɗi a koma cikin zauren taro. Wannan ɗan bayani shi ya yanke mini rabin shawara. Da farko za a sha rana a kan ciyawa, daga baya a shiga inda na'urar sanyaya ɗaki ke hurawa. Ke nan ina buƙatar yadin da zai bar jiki ya sha iska, da gyale mai ɗan kauri saboda sanyin dare.

Na baza riguna a kan gado. Akwai wata ta foliyesta mai sheƙi, a ido ta fi kowacce kyau, amma na san halinta. Ba ta shan gumi, tana riƙe zafi, awa guda a rana za ki ji kamar an naɗe ki a leda. Lilin yana da sanyi, sai dai kafin ki sauka daga mota ya yamutse. Siliki kuwa ɗigon ruwa ko feshin turare kan bar masa tabo, ga shi taro ne na rungume-rungume da yara masu kofin lemo a hannu. Sai hankalina ya koma kan auduga.

Da rana Yaya ta zo da wata doguwar riga ta aro, ruwan madara, an yi mata ado da duwatsu tun daga wuya har ƙasa. Na ce, "Yaya, kin san fari amarya za ta sa." Ta ce, "Ke dai da tsoro! Ai wannan ba fara ba ce." Ban yi mata musu ba. Na rataye rigar a jikin ƙofa, na kunna fitilar kyamarar waya, na ɗauka, na miƙa mata. A hoton rigar ta fito fara fat, duwatsun suna walƙiya har ba a ganin ɗinkin. Yaya ta daɗe tana kallo, sannan ta ninke abarta.

Hira ta kai mu ga asalin farar rigar amarya. Sarauniya Victoria ta Ingila ce ta sa ta yi tashe, lokacin da ta auri Yarima Albert a 1840 cikin farin siliki da leshi. A Indiya da Sin kuwa ja ne launin amarya tun da daɗewa. Shi ya sa ba na yarda da cewa launi kaza haramun ne ga baƙo a ko'ina. Abin da ya dace shi ne a tambaya. Na kira ƙanwar amarya, ta ce fari ne da yamma, ruwan zinari da dare. Nan take na janye duk abin da ya yi kusa da waɗannan biyu.

Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai. Na taɓa zuwa wani biki da wata baƙuwa ta shigo da doguwar riga tana sharar ƙasa, kowa ya juya yana kallonta, har mai hoto ya bar inda yake. Ni fuskar amarya na kalla. Ta yi murmushi, amma na ga yadda ta sunkuyar da kai tana gyara hannun rigarta. Yarinya ta yi watanni tana shirin wannan rana ɗaya. Haka kuma ba na jin daɗin masu zuwa da kayan zaman gida, ko guga babu, wai su ba ruwansu da ƙarya. Wanda ya gayyace ki ya girmama ki, kuma hotunan nan 'ya'yansu za su gani wata rana.

Na tsayar da wata koriya mai duhu, ta auduga, da ɗan aiki siriri a wuya da bakin hannu. Launi mai duhu ba ya tona gumi yadda ruwan toka ko shuɗi mai haske ke yi. Na sa ta, na zauna a kujera, na ɗaga hannu sama, na sunkuya kamar zan gaida babba, na tsaya a gaban taga don Yaya ta duba ko haske na ratsa yadin. Bai ratsa ba, amma hammata tana ja. Da la'asar na kai wa tela, ya farke ɗinkin ya ɗan buɗa, ina zaune ya gama.

Takalmi sai da yamma na gwada, domin ƙafa kan ɗan kumbura a ƙarshen yini. Mai tsinin dunduniya zai nutse a ciyawa, don haka na ɗauki mai faɗin dunduniya, na zaga tsakar gida da shi har na tabbatar ba ya cizo. Sarƙa siririya da 'yan kunne ƙanana sun wadatar.

Yanzu na gama guga, ta baibai na goge saboda aikin wuyan. Mahaifiyar amarya ta kira ɗazu, tana so in zo da wuri in taya ta tarbar dattawa da zaunar da su, ke nan tsayuwa zan sha. Na zuba allura da zare da 'yan fil a jaka ko wata za ta buƙata. Allah ya kai mu goben lafiya, ya ba su zaman lafiya.