Ga dattijon da zai koma kwangilar gwajin manhaja

Ƴan uwa na Damagaram da furfura ta fara kamawa, masu niyyar komawa wannan sana'a, kasuwa ta canja. Gwaji da hannu kaɗai ba ya kawo aiki sosai yanzu. Wanda ya tsaya a Selenium, tsohuwar manhajar da ke sa kwamfuta ta gwada shafin intanet da kanta, ya daure ya koyi irinta, Playwright, wanda Microsoft ta fitar a 2020. Da kansa yake jiran maɓalli ya bayyana kafin ya danna. A daina cusa jiran daƙiƙa biyar cikin gwaji, shi ke sa ya wuce yau, gobe intanet ta yi nauyi ya faɗi. A haɗa da koyon Git, mai adana tarihin canje-canjen da aka yi wa aiki, da Postman, na gwada saƙonnin da manhaja ke musaya da wata manhajar.

Inda babba ya fi yaro, a ganina, shi ne rahoton matsala: matakai bi da bi, abin da aka zata, abin da ya faru, irin wayar, hoton allo.

A takardar kwangila kuwa, a rubuta sau nawa za a sake gwaji bayan gyara, in ba haka ba aikin banza zai yi yawa. In da yuro za a biya, yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, ba ya motsi, amma a fayyace wanda zai ɗauki kuɗin banki. A tanadi batir da layin waya biyu saboda ɗaukewar wuta.