Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Waya Ba Ta Riƙe Cokali

Makon jiya na ce zan shiga shekarun aure, amma maganar Goggo ta tare ni: da ruwan ciki ake jan na rijiya. Don haka yau ma aikin jinya ne, batun 'yan matan da ke ƙin abinci don tsoron ƙiba, ciwon da likitoci ke kira anoreksiya, da manhajar waya da ake bibiyarsu da ita. Su Kawu har gobe cewa suke iyayi ne, yunwa za ta koro ta. Ba ta korowa.

Kafin a sauke komai a waya, sai an tabbatar ramar ba ta tarin fuka, ciwon suga ko ƙanjamau ba ce. A auna nauyi, bugun zuciya da sinadaran jini. Wadda bugunta ya gaza 40 a minti, gadon asibiti take bukata, irin su asibitin Barau Dikko a Kaduna, likitocin asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa su shigo ciki.

Manhaja irin Recovery Record littafin rajista ce tsakanin yarinya da mai duba ta. Tana shigar da lokacin ci, abin da ta ci, da abin da ta ji a ranta. Abinci sau uku, ɗan abin taɓawa sau biyu ko uku, kada a wuce awa huɗu ciki ba komai. Awon nauyi sau ɗaya a mako, a asibiti, ana neman ƙarin kamar rabin kilo. Manhajar ƙirga kalori kuwa a goge ta, itace take ƙara wa wutar.

Inda ake samun tangarɗa a gidajenmu: faranti ɗaya ake haɗuwa a kai, to wa ya san lomar wa? A zuba mata nata daban, malmala ɗaya, ludayin kunu kaza, uwa ta zauna har ta gama. Hoton kwano kafin ci ba shaida ba ne, a ɗauki na bayan ci. Wata kuma takan fake da azumin Litinin da Alhamis, nan sai malami ya sa baki. Goggo ba ta san waya ba, amma zaman nan na uwa har a gama cin abinci shi take nufi.

Kada kuma a ɗura mata abinci lokaci guda. A makon farko sinadarin fosfet na cikin jini kan faɗi, zuciya ta rikice. Ƙafa ta kumbura ko numfashi ya yi wuya, a ajiye waya a nemi Keke Napep zuwa asibiti. Iyayi ba ya kumbura ƙafa, Kawu.