Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Bondarenko ɗan Kharkiv

Salamu alaikum jama'a, mu ɗora daga inda muka tsaya wancan satin. Hutun 2013 ban je gida ba saboda kuɗin tikitin jirgi, na zauna a Kharkiv ta ƙasar Ukraine inda nake karatu, hostel duk an watse sai mu tsiraru da wani dattijo mai gadi da muke ce wa Baba.

Shi ne ya sa na san Bohdan Bondarenko, ɗan wasan tsallen sama, wato tsallake sanda. A watan Agusta ana gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya a Mosko, Baba ya kafa 'yar talabijin ɗinsa kusa da ƙofa, yana nuna min wani dogo siriri yana cewa ɗan garin nan ne, a nan aka haife shi 1989, kuma mahaifinsa ne kocinsa. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne mutumin nan sai ya bari ana ta ɗaga sanda yana zaune abinsa bai ko motsa ba, sauran na ta zufa, sai abu ya yi sama sosai sannan ya miƙe. Ya tsallake mita 2.41 ya ɗauki zinare, Barshim na Qatar ya tsaya a 2.38. Ku 'yan ƙwallo ku tuna sandar saman raga mita 2.44 ce, to kusan can ɗan Adam ya wurga jikinsa da ƙafa ɗaya. Daga nan ya ce a kai masa 2.46 don ya karya tarihin Sotomayor ɗan Kyuba, 2.45 tun 1993, amma sanda ta faɗo. Baba har da buga tebur.

Wallahi abin da ya tsaya min a rai shi ne da aka koma makaranta na yi ta ba abokaina labari, ba wanda ya taɓa jin sunansa. Ka ce Shevchenko ɗan ƙwallo ko Klitschko ɗan dambe kowa ya sani, har 'yan wasan Metalist, ƙungiyar ƙwallon Kharkiv, suna lissafowa ɗaya bayan ɗaya, amma gwarzon duniya da muke gari ɗaya da shi, shiru kake ji. A 2014 ya yi 2.42 a New York, ya ci gasar Turai a Zurich, a Rio 2016 ya samu tagulla, duk da haka ko a gida Najeriya in na ambace shi sai a ce wane ne kuma wannan. Shi ma da sauƙi, akwai Andriy Protsenko da ya tsallake 2.40 a shekarar 2014 ɗin, bawan Allah ya zo lokaci ɗaya da Bondarenko, shi ke nan aka sha gabansa.

Tun daga nan na zama ɗan kallon tsalle, ni da Baba. Sati mai zuwa in sha Allah zan ba ku labarin sanyin ƙarshen shekarar, lokacin da zanga-zanga ta ɓarke a Kyiv, Hajiyarmu ta dinga kira tana cewa in tattaro in dawo.